Ko Kano Ko Katsina, Wai Har Wannan Ma Karatu Ne?

Na ga yadda ka taɓe baki tun daga kan take. Ka ce don mutum zai gaya wa rumbun bayanai ya zaɓo masa ko wannan ko wancan, shi ne har sai an yi masa darasi? Ka ce kai da ka daɗe kana rubuta SQL, har yaran ofis kake gyara wa nasu? To, Allah ya ƙara basira, Malam. Zauna dai. Jarrabawa ce 'yar ƙarama, kuma ba mai ganin takardarka sai ni.

Ga tebur mai suna dalibai, ɗauke da suna da jiha da aji da jinsi. Shugaban makaranta ya ce a fito masa da 'yan Kano da 'yan Katsina. Kafin ya rufe baki an rubuta:

SELECT * FROM dalibai WHERE jiha = 'Kano' OR 'Katsina';

Ka ce ba kai ba ne? Na yarda, abokin aikinka ne. Amma tun da shi abokin naka kullum a kujerarka ake samunsa, bari mu duba ɓarnar da ya yi. A kunnen mutum maganar nan lafiyarta ƙalau. Injin kuwa daidai kan OR yake tsaga ta biyu, ya tsare kowane ɓangare shi kaɗai ya tambaye shi: gaskiya ne kai ko ƙarya? Ɓangaren farko yana da abin cewa. Na biyun kalma ce tsirara, 'Katsina', ba a gwada ta da komai ba. PostgreSQL da SQL Server nan take za su toge, su jefo maka saƙon kuskure, ka yi tsaki, ka gyara. Waɗannan su ne masoyanka na gaskiya. MySQL da SQLite kuwa kunya ta yi musu yawa, ba su iya cewa a'a ba. Sai su yi ƙoƙarin mayar da 'Katsina' lamba, su ga ba ta fara da wani adadi ba, su ba ta sifili, shi kuma sifili a wurinsu ƙarya ne. Kanawa su fito reras, Katsinawa ko ɗaya babu. Da Zagezagi ne suka ɓace haka, da mun ce Bakano ne ya ƙera injin.

Ka ce ai wannan da sauƙi, shugaba zai lura? Ƙila. To canza kalmomin su koma lambobi, ka rubuta WHERE aji = 1 OR 2. Yanzu 2 ba sifili ba ce, don haka gaskiya ce, kuma gaskiya ce a kan kowane layi na teburin. Sharaɗin ya zama ba sharaɗi ba, makarantar gaba ɗaya ta fito. Idan SELECT ne a gaba, abin dariya ne. Idan DELETE ne, ranar sai ka nemi inda aka ajiye kwafin jiya, in har an ajiye.

Na ji ka, ka ce kai ka wuce nan. Kai mai natsuwa ne: shugaba ya ce Kano da Katsina, sai ka rubuta jiha = 'Kano' AND jiha = 'Katsina'. Madalla da biyayya! Sai dai injin ba jama'a yake kallo ba, layi ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya. Abin da ka tambaye shi shi ne ya nemo ɗalibin da jiharsa Kano ce kuma Katsina ce a gurbi guda. Ko mutumin da gonarsa ta ratsa kan iyaka, jiha ɗaya aka rubuta masa. Tebur fayau zai ba ka, ba tare da ko tari ba.

Juya maganar kuma ka ga inda manya ke zamewa. An ce a fito da duk wanda ba ɗan Kano ba ne, ba kuma ɗan Katsina ba. Hannu ya saba da OR, sai ya zuba jiha <> 'Kano' OR jiha <> 'Katsina'. Ɗauki Bakano ka gwada. Ba ɗan Kano ba ne? Ƙarya. Ba ɗan Katsina ba ne? Gaskiya. Ɗaya ta isa, ya wuce. Bakatsine ma ya wuce ta ɗaya ƙofar. Kowa ya wuce, har waɗanda aka rubuta sharaɗin don a tare su. Ka ce wannan sabon sharri ne na zamanin kwamfuta? Ina! Augustus De Morgan, masanin lissafin nan na Ingila da ya rasu a 1871, da sunansa ake kiran ƙa'idar: in ka kore magana mai OR a ciki, dole OR ɗin ta koma AND, in kuma AND ce ta koma OR. Abokin zamaninsa George Boole ya fitar da littafinsa kan dokokin tunani a 1854. Mutanen nan ko ƙwan lantarki ba su gani a ɗakinsu ba, amma sun riga ka sanin inda za ka faɗi.

Saura ɗaya kafin in ba ka magani, don na ga ka fara duba agogo. A wannan karon 'yan mata ake nema daga jihohin biyu:

WHERE jiha = 'Kano' OR jiha = 'Katsina' AND jinsi = 'mace'

Ka ce wannan kam ba ta da aibu? Karanta ta yadda injin zai karanta. A SQL, AND tana gaba da OR, ita ake fara ɗaurewa, kamar yadda ake fara ninkawa kafin tarawa a lissafi. Abin da ka rubuta ke nan shi ne: duk wani ɗan Kano, namiji ko mace, sai kuma matan Katsina. Idan jerin na masu shiga ɗakin kwanan 'yan mata ne, kai za ka yi wa iyaye bayani, ba ni ba. Baka biyu a kewaye da jihohin suna warware matsalar. Amma akwai abin da ya fi su tsabta:

WHERE jiha IN ('Kano', 'Katsina') AND jinsi = 'mace'

Shi ke nan. IN ba wani tsafi ba ne, jerin OR ne da aka ɗaure wuri guda, sunan gurbin sau ɗaya, ƙimomin a jere. In jihohin Arewa maso Yamma bakwai ake so, Kano, Katsina, Kaduna, Jigawa, Kebbi, Sokoto da Zamfara, sai ka jera su a layi ɗaya maimakon ka maimaita jiha sau bakwai kana addu'ar kada ka tsallake ɗaya.

Ka ce amma an gaya maka OR ta fi gudu? Wani kuma a majalisarku ya rantse IN ce ta fi? Ku biyun ku sha shayi ku huta. A jeri gajere, yawancin injinan hanya ɗaya suke bi da su. In jerin ya yi tsawo, IN ce ma ke samun gata: MySQL yana jera ƙimomin bi da bi ya riƙa raba su biyu yana nema, PostgreSQL kuma tun daga fitowa ta 14 yana da dabararsa ta gaggauta dogon jeri. In kana shakka, sa EXPLAIN a gaban umarnin, injin da kansa zai faɗa maka yadda zai yi. Wannan gardamar ba ta kai a ɗaga murya ba.

Yanzu ka gyara zama, don duk abin da ya wuce share fage ne.

A ce ɗalibai 500 ne a teburin. Ka ƙirga masu jiha IN ('Kano', 'Katsina'), ka sami 300. Ka ƙirga masu jiha NOT IN ('Kano', 'Katsina'), ka sami 190. Tara su. Ina sauran goma? Ka ce injin ya lalace? Ka ce a kira mai gyara? Bar mai gyara ya yi barcinsa. Goman nan su ne waɗanda ranar rajista ba a cike musu gurbin jiha ba, aka bar shi NULL. Kai kana zaton amsa biyu ce a duniya, i ko a'a. SQL yana da ta uku: ba a sani ba. Tambaye shi ko jihar yaron nan Kano ce, ya ce ba a sani ba. Tambaye shi ko ba Kano ba ce, ya ce shi ma ba a sani ba. In ka duba da idon adalci, gaskiyarsa ce. Kai ka sani?

WHERE kuwa maigadi ne mai taurin kai. Ba ya buɗe ƙofa sai ga wanda amsarsa ta fito gaskiya zalla. Mai ƙarya da mai ba a sani ba, benci ɗaya yake zaunar da su a waje. Shi ya sa yaran goma ba su shiga jerin farko ba, ba su shiga na biyu ba, kuma ba wanda ya yi kuka a madadinsu.

Ka ce to sai ka ƙara OR jiha = NULL? Haba Malam, a gaban mutane? Kwatanta komai da NULL ta hanyar alamar daidai, amsar ba a sani ba ce, ko da NULL ɗin ka kwatanta da wani NULL. Abu biyu da ba ka sani ba, da wace hujja za ka ce daidai suke? IS NULL ake rubutawa, ko IS NOT NULL. In a Oracle kake, ƙara wannan a aljihu: rubutun da ba komai a cikinsa, wato alamar zance biyu manne da juna, shi ma NULL yake ɗaukarsa, alhali PostgreSQL da SQL Server suna bambanta su.

Ga wadda ta fi ciwo. NOT IN ('Kano', 'Katsina', NULL) ba ta dawo da layi ko ɗaya, komai girman teburin. Warware ta ka gani: jiha <> 'Kano' AND jiha <> 'Katsina' AND jiha <> NULL. Ta ƙarshen kullum ba a sani ba ce, AND kuma tana buƙatar duka su zama gaskiya. Ka ce wane mahaukaci ne zai rubuta NULL a jeri da hannunsa? Babu. Ba da hannu yake shiga ba, ta bayan gida yake hawowa:

SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba NOT IN (SELECT lambar_dalibi FROM biya);

Wannan tana nemo waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba, kuma ta yi zango guda tana aiki lafiya. Ran nan wani ya shigar da rasit ɗaya bai sa lambar ɗalibi ba. Rasit ɗaya tak. Daga ranar jerin masu bashi ya koma fayau. Ma'aji ya duba, ya ga ba mai bashi, ya yi hamdala, har ya fara yabon iyayen bana. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Kai kuma da ka rubuta ta kana can kana gyara wa yaran ofis nasu. Maganin shi ne NOT EXISTS, wadda tambayarta daban ce: akwai rasit mai lambar yaron nan, ko babu? Wannan tambayar amsa biyu kawai take da ita. In kuma ka nace sai NOT IN, to sa WHERE lambar_dalibi IS NOT NULL a tambayar ciki.

Ka ce laifin waɗanda suka ƙirƙiro harshen ne? Ba kai ka fara faɗa ba. Edgar Codd na kamfanin IBM, wanda takardarsa ta 1970 ta kafa tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa, shi kansa bai gamsu da NULL guda ɗaya ba. A littafinsa na 1990 ya nemi a raba shi biyu: abin da yake akwai amma ba a san shi ba, da abin da bai ma shafi layin ba sam. Wato amsa huɗu yake so, kai uku ma sun sa ka gumi. Abokin aikinsa Chris Date kuwa ya daɗe yana cewa a raba gari da NULL gaba ɗaya. Manyan ba su daidaita ba, harshen da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar a 1974 da sunan SEQUEL ya ci gaba da tafiyarsa, aka yi masa ma'auni a Amurka a 1986, mu kuma muka gaji ukun.

Na san me za ka ce. Ka ce kai tun daga ƙofa kake tarewa, ka sa CHECK (jinsi IN ('namiji', 'mace')) a jikin teburin, don haka ba shara da za ta shiga. Dabara ce mai kyau, ban hana ka ba. Sai dai shi CHECK ƙanen maigadin nan ne, halinsu kuma ya saɓa: shi ba ya korar kowa sai wanda aka tabbatar ƙarya ne. Mai ba a sani ba, sannu da zuwa zai yi masa. NULL zai shige ta gabansa salin alin sai in ka haɗa da NOT NULL. In kuma tsohon MySQL kake riƙe da shi, ka sani kafin fitowa ta 8.0.16 a 2019, karanta CHECK ɗin kawai yake yi, ya gyaɗa kai, ya watsar. Shekaru mutane suna barci da ƙofa a buɗe suna cewa sun sa sakata.

Mu leƙa CASE, wadda ta shigo ma'aunin SQL a 1992. Sakamakon WAEC ne a gabanka, daga A1 zuwa F9, kana so ka raba su gida uku:

CASE WHEN maki IN ('A1', 'B2', 'B3', 'C4', 'C5', 'C6') THEN 'kiredit' WHEN maki IN ('D7', 'E8') THEN 'fas' ELSE 'faduwa' END

Ka ce wannan kam ko ni sai in yaba? Na yaba rabin farko. ELSE ɗin nan fa? Yaron da aka riƙe sakamakonsa, gurbin ya zauna NULL, ka kayar da shi. Yarinyar da magatakarda ya buga mata 'C 4' da tazara a tsakiya, ka kayar da ita. Ka mai da ELSE juji, duk abin da ba ka gane ba ka ce ya faɗi. F9 ƙima ce sananniya, ba ta nata WHEN ɗin, ka bar wa ELSE aikin da ya dace da ita, wato ta rubuta 'a bincika'. Ka ce to a cire ELSE ɗin kowa ya huta? A cikin SELECT, in babu ELSE, NULL za ta dawo maka, ka koma gidan jiya. A cikin PL/SQL na Oracle kuwa, umarnin CASE da bai sami inda zai sauka ba tsayawa yake cak da kuskuren CASE_NOT_FOUND, kuma ni wannan tsayawar ta fi min shirun.

Kada kuma ƙyuya ta raya maka BETWEEN 'A1' AND 'C6'. Tana aiki, i, amma bisa jerin haruffa. 'A7' tana tsakani. 'B9' tana tsakani. In hannun magatakarda ya zame ya rubuta 'Bala' a gurbin maki, shi ma Bala ya ci kiredit.

Tun da mun zo kan magatakarda, wa ya gaya maka mutane iri ɗaya suke rubuta suna? Wani ya sa Sokoto, wani Sakkwato, wani SOKOTO. MySQL a yadda yake zuwa ba ya damuwa da babban baƙi ko ƙarami, PostgreSQL da Oracle kuwa suna damuwa ƙwarai, don haka umarnin da ya yi aiki a nan zai iya zubar da rabin mutane a can. Ga kuma ƙananan hukumomi irin su Jama'are a Bauchi, Mai'adua a Katsina, Jema'a a Kaduna. Ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyarsu shi ne dai alamar da SQL ke rufe rubutu da ita. Ka jefa Jama'are a jeri yadda take, injin ya karanta Jama ya rufe, sauran ya zama shirme. Ninka alamar ake yi, 'Jama''are'. Ka ce ƙaramin abu ne? Ramin da Jama'are ta faɗa, ta nan ɓarawon bayanai ke shigowa, domin in manhajarka tana liƙa abin da mutum ya buga kai tsaye a jikin umarni, wanda ya san kan abin zai rufe rubutun da kansa ya ɗora nasa umarnin. A miƙa ƙimomi ta guraben da aka tanada musu, kada a dinga ɗinka su da hannu.

Ɗan'uwan wannan shi ne mai tara jerin a rubutu ɗaya, 'Kano,Katsina,Jigawa', ya miƙa wa IN yana jiran ta raba. Ba za ta raba ba. Abu ɗaya ta gani, za ta je neman jihar da sunanta ke nan da waƙafinsa duka. SQL Server ya kawo STRING_SPLIT a 2016 saboda irinku, MySQL yana da FIND_IN_SET, PostgreSQL yana karɓar jeri na gaske ta = ANY. Ka ce kai LIKE kake sawa, ba ruwanka? To nemi '%Kaura%' ka ga yadda Kaura ta jihar Kaduna za ta taho riƙe da hannun Kaura Namoda ta Zamfara.

Ka ce duk ka ji, daga yau IN ce abokiyar tafiya, komai tsawon jeri? Sannu, sarkin zuba. Oracle ya daɗe ba ya karɓar abin da ya wuce 1,000 a jeri ɗaya, ya wuce haka sai ORA-01795. Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 za su shiga. Mazaɓu 8,809 ba za su shiga ba. Fitowa ta 23 ta ɗaga iyakar zuwa 65,535, amma rumfunan zaɓe 176,846 da INEC ke da su tun 2021 har yanzu sun fi ƙarfinta. SQL Server kuma ƙimomi 2,100 yake karɓa ta gurabe a kira ɗaya. Ni dai ba iyakar ce ta dame ni ba. Mutumin da ya jera abu ɗari tara a cikin baka biyu, ko injin ya karɓa, ya kamata 'yan'uwa su zauna da shi.

Jeri irin wannan tebur yake nema. Ka yi teburin jihohi, kowace da lambarta da shiyyarta, ka ɗaure teburin ɗalibai da shi, sannan ka tambaya da JOIN ko EXISTS: ba ni waɗanda shiyyarsu Arewa maso Yamma ce. Sakkwato da SOKOTO ba su da ta shiga, don lamba ake zaɓa. Ka ce jihohi ai ba sa canzawa, mene ne na wahala? Katsina a cikin Kaduna take har 1987. Jigawa a cikin Kano take har 1991, shekarar da aka cire Kebbi daga Sokoto. Zamfara sai 1996. Wanda ya warwatsa jerinsa a rubutun umarni arba'in, ranar da abu ya canza sai ya bi arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma na rantse maka zai manta na talatin da tara, wanda ke lissafin albashi. Mai tebur layi ɗaya zai ƙara ya tafi sallah.

Ka ce to ka yarda, za ka yi teburin, amma da suna za ka ɗaure, lamba ciwon kai ce? Akwai ƙaramar hukumar Bassa a Kogi, akwai Bassa a Filato. Akwai Obi a Binuwai, akwai Obi a Nasarawa. Akwai Surulere a Legas, akwai wata a Oyo. Je ka rubuta IN ('Bassa', 'Obi'), ka ƙirga ƙananan hukumomi nawa suka amsa sallama, sannan ka dawo mu ci gaba da gardamar.